Farin Fenti a Akwatin Zufa

Shafi na 23

Salamu alaikum jama'ar zaure. Ke mai turo min saƙo sau huɗu kina tambayar yaushe Nusaiba da Injiniya za su fara son juna, ki sha ruwan zartsi kofi uku kafin ki karya kumallo. In kin wuni da sauran soyayya a ranki, ki sake rubuto min. Mu koma Tungar Na'ibi.

*

Tun tana kan mashin Nusaiba ta fara ganin farin.

Gindin kowace darbejiya fari. Duwatsun bakin hanya daga kwanar Badarawa har ƙofar gari an jera su an shafe, fari fat. Turken jakin Sule mai itace ma bai tsira ba. Ba ta yi mamaki ba, ta san yau baƙi za su zo, kuma a ƙasar nan in aka ce manya na tafe, duk abin da bai iya gudu ba sai ya sha farar ƙasa. Kwananta biyu a Kaura Namoda tana neman gilashin da zai maye wanda ya tsage, ga shi cikin kwali a cinyarta. Hankalinta yana can filin bayan masallaci.

Akwatuna goma ne a filin. Kowanne faffaɗan baho ne da aka rufe da gilashi a karkace. A zuba ruwan rijiya mai zartsi, rana ta dafa shi, tururi ya kama gilashi ya zama zufa, zufar ta gangara kwararo ta shiga jarka, gishiri ya zauna a baho. Mutanen gari suka raɗa masa akwatin zufa. Biyar na gaba na Injiniya Mubashir ne, ya jera bututan kaki a ƙarƙashinsu don su adana zafi. Biyar na baya nata ne, ta shimfiɗe cikinsu da baƙaƙen duwatsun da aka ɗebo mata daga wajen Zurmi. Dutse ya wuni yana shan rana, rana ta faɗi ya ci gaba da ɗumama ruwa, gilashi kuwa ya huce, zufa ta yi ta zuba har wayewar gari.

Sharaɗin ƙungiyar da ta kawo aikin guda ne: kowane akwati ya ba da lita huɗu a kwana. In an samu, a bar su, a ƙaro talatin. In ba a samu ba, mota ta kwashe su zuwa wani gari, matan Tunga su koma ga rijiyar da ko sabulu ba ya kumfa a ruwanta, su ci gaba da goyon yara masu gudawa zuwa Shinkafi.

Ta jingine kwalin, ta leƙa akwatinta na farko.

Fari.

Ta leƙa na biyu. Fari. Duwatsun da ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya saboda baƙinsu suna kwance a ruwa suna ƙyalli kamar ƙwan agwagwa. Ta ɗaga jarka, ta taho mata sakayau. Ta buɗe, warin fenti ya daki hancinta.

"Innalillahi! Wa ya yi wanga aiki?"

"Ɗiyata, kin iso?"

Alhaji Maccido ne, shugaban kwamitin ruwa na gari, cikin babbar riga mai sitaci wadda ko zama ba ta bari ya yi. Ya taho yana murmushi irin na wanda ya gama hidima yana jiran a sa masa albarka.

"Kin ga aiki ko? Ba sai kin gode ba."

"Kawu, mi ka yi wa duwatsuna?"

"Gyara su na yi. Shekaranjiya na zo zagaye, na leƙa, na ga abu baƙi ƙirin cikin ruwan da mutane za su sha. Na ce haba! Mutanen Abuja su zo su ga wagga ƙazanta, su ce mu ƙauyawa na? Nan take na sa anka kwashe su, anka wanke, anka shafe."

"Baƙin shi ne aikin, Kawu! Baƙin ke kama rana!"

"To rana ba ta ganin fari? Ai ya fi fitowa."

Ku da kuka yi boko kun san farin abu korar rana yake yi, baƙi ke shanye ta. Wanda bai yi boko ba ma ya sani, in dai ya taɓa taka kwalta ba takalmi. Maccido ya yi boko, ya kuma taka kwalta, amma shugabanci ya cinye masa duka biyun.

Nusaiba ta zura hannu ta ciro dutse guda, ta kankare da farce. Ko gezau.

"Wannan ba farar ƙasa ba ce."

"A'a, ni yaro na?" Ya gyara hula. "Na san cikin ruwa za su zamna, farar ƙasa wankewa za ta yi. Fentin mai na sa anka kawo daga Shinkafi. Shafa biyu. Ko jikokinki za su tarar da shi."

"Maccido!"

Gwaggo Halima ce, yayar mahaifin Nusaiba, mai tuyar masa a bakin kasuwa. Ita ta fara nuna wa Nusaiba yadda tanda ke riƙe zafi bayan wuta ta mutu, daga nan maganar dutse ta samo asali. Taubashiyar Maccido ce, don haka bakinta a kansa ba shi da linzami.

"Na daɗe ina zargi, yau na tabbatar. Ranar da anka haife ka ungozoma ta yi kuskure, ta binne ɗan, ta wanke mabiyiya ta miƙa wa uwarka."

"Halima, ina cikin manyan kaya, ki kiyaye ni."

"Kayan na manya na. Na cikinsu ne ban sani ba."

Ana cikin haka, farar mota ta shigo filin.

Hajiya Samira ce ta fara fitowa, wakiliyar ƙungiyar, mace marar yawan dariya, da silinda ta awo a hannu. Bayanta Injiniya Mubashir, da hular kwano irin ta masu gina bene, a filin da abin da ya fi tsawo shi ne akuya. Kwana bakwai na gwaji, yau ne zuwansa na biyu. Aikin yana yin sa ne daga ofis a Gusau, ƙarƙashin fanka.

Maccido ya zaro takarda zai karanta jawabin maraba mai shafi uku. Hajiya Samira ta ce, "Alhaji, a bar jawabi ya huta. Jarka na zo gani."

Aka fara da layin gaba. Ta juye, ta duba.

"Takwas."

Ta biyu, takwas. Ta uku, bakwai da rabi. Mazan da suka taru suka hau kabbara. Injiniya ya harɗe hannu yana gyaɗa kai, kamar shi ya ƙirƙiro rana.

Aka koma layin baya. Ta juye ta farko, ta ɗaga silinda sama tana neman ruwan.

"Ko lita ɗaya bai cika ba. Kuma me ke wari haka?"

"Fenti ne, Hajiya," in ji Nusaiba. "Ba ni nan aka shafe min duwatsu da..."

"Hajiya," Injiniya ya katse ta, "da fenti da ba fenti, na faɗa tun a rahoton farko. Dutse ai sai zamanin dutse. Kakin nan jami'o'i uku suka gwada shi a Turai, takardun suna wayata. Ba na raina ƙoƙarinta, difloma ma ilimi ce daidai gwargwado. Amma kimiyya ba tuyar masa ba ce."

Gwaggo Halima ta ce, "Uhm." Wanda ya san ta ya san wannan uhm ɗin ba ta alheri ba ce.

Nusaiba ta juyo ta fuskance shi.

"Injiniya, kakinka a zafi nawa yake narkewa?"

"Digiri ashirin da takwas. Yana cikin takarda."

"Yaushe yake mayar da zafin da ya adana?"

"Lokacin da yake daskarewa, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani."

"To muna cikin bazara. Na sa ma'auni cikin akwatin nan kwana biyar, ko da asuba bai taɓa sauka ƙasa da talatin da uku ba. Yaushe ya daskare?"

Injiniya ya shiga laluben wayarsa.

"A Turai ya daskare," in ji Gwaggo Halima. "Nan kam man shanu na a watan zafi. Wanda ya narke tun kan mota, wa zai ba shi haƙuri ya koma?"

Nusaiba ta durƙusa, ta zaro bututu guda daga ƙarƙashin akwatinsa, ta girgiza. Ya yi ƙara kamar gora mai rabin ruwa. Da hantsi ne, rana ko zafi ba ta fara ba.

"Ranar Talata kafin in tafi Kaura, da idona na ga lita biyu a jarkar nan. Yau takwas. Ko rana biyu ta fito jiya?"

Injiniya ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"Hassada ke nan. Hajiya, ni ba na gardama da baki. Jarka ba ta ƙarya."

"Haka ne," in ji Gwaggo Halima. "Jarka baiwar Allah ce, abin da anka ba ta shi take riƙewa. Ku ba ni kofi in sha ruwan Turai."

Nan Maccido ya yi wuf ya sha gabanta, sitaci na ƙara. Ya rage murya, amma Nusaiba na kusa, ta ji.

"Halima, don girman zumunci ki bari. An samu takwas, za a bar mana akwatuna, za a ƙaro talatin. In kin tona, kin kashe garin ga baki ɗai."

"A ƙaro talatin masu ba da lita biyu? Sa'annan wa zai riƙa cika su, kai?"

Ta ture shi da gwiwar hannu, ta tsiyayi ruwan, ta kurɓa. Ta juya shi a baki yadda take ɗanɗana ƙullu. Ta haɗiye.

"Hajiya, ke kin yi karatu mai zurfi, ki fahimtar da ni. Rana na sa jema a ruwa?"

"Jema?"

"Saiwar nan mai ƙamshi da muke jefawa randa. Ruwan akwatin ga na sha shi kwana biyar, salam yake, ba ɗanɗano ba ƙamshi, kamar ka sha iska. Wanga kuwa ƙamshi yake kamar randar amarya. Ungo."

Hajiya Samira ta karɓa, ta shinshina, ta kurɓa. Fuskarta ta ƙara rufewa.

"Kuma gida ɗai na a Tunga ke da ruwan da ya isa a ɓata wa jema," Gwaggo ta ci gaba. "Wa zai sa turare a zartsi? Gidan da mashin ke kai wa jarka huɗu daga famfon Shinkafi duk bayan kwana biyu. Gidan shugaban kwamitin ruwanmu, wanda rabonsa da ruwan garin nan tun kafin ya je Makka."

Mazan da suka yi kabbara ɗazu suka fara duban takalmansu.

"Alhaji," in ji Hajiya Samira, "ina sauraronka."

Maccido ya share goshi da hannun riga.

"Ranki shi daɗe, ni ban yi da mugun nufi ba. Kullum Injiniya zai bugo waya ya ce nawa anka samu. Ranar farko na ce biyu, na ji muryarsa ta canza, ya ce in sake dubawa. Washegari na ce huɗu, ya ce madalla. Na ce shida, ya ce ai ya sani. Da na ce takwas, sai ya ce zai sa sunana cikin rahoto."

"Sai ka tsaya a takwas."

"Na ji tsoron goma, ranki shi daɗe."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

"To yau ga ku tafe. An rubuta takwas, a zo a tarar da biyu? Garin wa za a yi wa dariya? Shi ne na sa mai ɗakina Salima ta kwaso na gida anka daidaita."

"Aka daidaita," Hajiya Samira ta maimaita. Ta juya ga Injiniya. "Lita nawa ake zubawa a baho?"

"Goma."

"In takwas sun fita, nawa za su rage?"

"Hajiya, akwai abubuwa da dama da ke shafar..."

"Leƙa bahonka."

Ya leƙa. Ruwa na nan kwance kusan inda aka zuba shi.

"Kai da digirinka biyu, mutum ya gaya maka a waya cewa akwati mai faɗin tabarma ya ba da lita takwas, ba ka ce bari in je in gani ba. Ka zauna ka zana masa jadawali mai launi, ka turo min Abuja."

"Bayanan da aka ba ni na yi aiki da su."

"Bayanan da kake son ji aka ba ka."

An ce ilimi gishirin zaman duniya. To, mutanen Tunga sun fi kowa sanin abin da gishiri ke yi wa ruwa in ya yi yawa babu mai tacewa.

Hajiya Samira ta zaro waya.

"Layin gaba ƙarya, layin baya fenti. Ba ni da abin da zan kai gaba. Akwai garuruwa shida da ke jiran akwatunan nan, kuma a cikinsu ban ji mai fenti ba. Direba, kira babbar motar, tana Shinkafi."

Matan da ke tsaye daga nesa suka ɗauki salati. Maccido ya nemi ya durƙusa, riga ta ƙi.

Nusaiba ta zaro littafinta na awo daga jaka.

"Hajiya, ki duba wannan kafin ki kira. Kwana biyar kafin in tafi, ni da kaina nake awo duk hantsi. Huɗu da rabi. Biyar. Biyar. Huɗu da rabi. Biyar. Dutsen yana aiki, wallahi yana aiki. Ki ba ni kwana ɗaya."

Hajiya Samira ta karɓa, ta bi layukan da yatsa. Rubutu ne tsaf, da kwanan wata, da zafin ruwa, da zafin gilashi.

"Wannan ya yi kama da aikin wanda ya zo wurin. To amma da wane dutsen? Waɗannan sun mutu."

"A sake shafa musu baƙin fenti!" in ji Maccido, fuskarsa ta washe. "Akwai shi Shinkafi, yanzu in tura..."

"Kawu, fenti guba ne, tururi na ɗaukar shi. Shi ne warin da kake ji."

"To a je Zurmi a ɗebo wasu."

"Kai za ka bi hanyar?" in ji Sule mai itace. "Wancan karon kwana uku munka yi, da addu'ar iyaye munka dawo."

Hajiya Samira ta dubi agogo.

"Ga abin da zan iya. Mota za ta iso da azahar. In kafin nan akwai baƙin dutse a akwatunan baya, zan ɗaure bakin jarkunan da hannuna, in sa hatimi, in kwana Shinkafi, in dawo gobe da hantsi. Saboda littafin nan kaɗai, ba don fuskar kowa ba. In na samu huɗu, akwatuna sun zauna. In babu dutse, yau za su hau mota."

Maza suka shiga shawara. Kun san shawarar maza. Wani ya ce a zuba gawayi, aka ce gawayi iyo yake, ba ya riƙe zafi. Wani ya ce a fasa kwaltar Badarawa. Wani ya ce a kafa ƙaramin kwamiti. Aka kusa fara zaɓen sakatare.

Ba wanda ya lura Gwaggo Halima ta bar filin.

Nusaiba ta kwashe fararen duwatsu ta watsar, ta wanke bahuna da toka har hannunta ya yi ja, ta ɗora sabon gilashi. Ta gama ta tsaya kan akwatuna biyar wayam. Inuwa na ta guntulewa. Injiniya ya koma mota ya kunna sanyi yana latsa waya, wataƙila yana neman jami'a ta huɗu.

Sai Sule ya ce, "Kai, ku duba can."

Daga lungun marina mata suka ɓullo a jere. Kowacce da gammo, kan gammon da dutse baƙi ƙirin, wata ɗaya, wata biyu a kwando. Wasu duwatsun har yanzu da ɗumin kokon safe, ana sauke su ana yarfe hannu. Gwaggo Halima na gaba da tandarta ta ƙasa, wadda ta shekara ashirin tana cin wuta.

Duwatsun murhu ne. Na gidan liman, na gidan sarkin fawa, na gidan Sule kansa.

"Ga baƙin dutse," in ji Gwaggo. "Wanga ba fenti ba na, hayaƙin shekaru na. Kuma ba wanda zai koya mai riƙon zafi, sana'arsa ke nan tun kafin a haifi Injiniya. Sule, kawo guduma a rage masu girma."

Sule ya ƙura wa wani dutse ido.

"Wancan ai na gidana na! Ke Kulsumu, kin tumɓuke murhu? Tuwon dare fa?"

"Ka tambayi shugabanku," in ji matarsa, ba ta ko dube shi ba.

"Gari duka ba murhu?" Maccido ya ɗaga hannuwa sama. "Halima, mi maza za su ci?"

"Akwai sauran fenti a gwangwani. Ku lasa."

Aka hau fasawa ana jerawa. Nusaiba na karɓa tana wankewa sama-sama, tana shimfiɗawa, manya a tsakiya, ƙanana a gefe, gutsattsarin tanda a tsakankani. Aka zuba zartsi lita goma-goma, aka rufe gilashi, aka toshe gefuna. Ba a jima ba gilashin farko ya fara dushewa, ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya gangara. Mata suka rangaɗa guɗa. Hajiya Samira, wadda tun safe ba a ga haƙorinta ba, ta ce wa direba ya gaya wa babbar mota ta dakata a Badarawa.

Nusaiba na durƙushe tana gyara tiyon akwati na biyar, wata ta sauke dutse kusa da ita a hankali. Salima ce, matar Maccido, mace mai sanyin murya wadda ba a taɓa jin ta da kowa ba. Ita ta zo ƙarshe, kuma duka ukun na murhunta ta kawo.

"Sannu Inna Salima. An ma cika, amma na gode."

Salima ba ta tashi ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Nusaiba, ki yafe ni."

"Haba Inna, ai ba laifinki ba ne. Sa ki aka yi."

"Na yau ne anka sa ni." Ta ƙara rage murya. "Na sauran kwanakin ba wanda ya sa ni."

Hannun Nusaiba ya tsaya kan tiyo.

"Waɗanne kwanaki?"

"Tun ranar farko har kinka tafi Kaura. In na fito da sassafe sai in leƙa jarkunanki. Jarka mai cin lita ashirin, ruwa a gindi-gindi, abin tausai. Ga ki ɗiyar gari, ga baƙo na yi maki dariya. Na ce wallahi ba a gabana ba. Sai in ɗan ƙara maki."

"Inna... a jarkunana?"

"Duka biyar ɗin. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba, Allah shi ne shaida."

"Amma Gwaggo ta sha, ba ta ji jema ba."

"Daga jarkar Shinkafi nake zubawa, kafin ya shiga randa. Yau ne da anka buƙaci mai yawa na haɗa da na randa."

Nusaiba ta tuno lambobin littafinta. Huɗu da rabi. Biyar. Biyar. Da kwanan wata, da zafin gilashi, da komai.

"Nawa kike ƙarawa?"

"Moɗa biyu. Wata rana uku, in na ga kin kwana da damuwa."

"Wace moɗa? Babba ko ƙarama?"

"Wadda hannuna ya kai gare ta."

In ƙarama ce, dutse ya ba da huɗu da kansa, ko kusa. In babba ce, uku ne, wataƙila ma bai kai ba. Matan gari duka sun tumɓuke murhunsu, mota ta tsaya a Badarawa, duk a kan lambar da ita kanta yanzu ba ta san ta ba. Wannan ita ce karar da muke yabo a wa'azi da taron biki. Ta fi fentin Maccido illa, don shi fenti ko ba komai yana wari.

"Don Allah kar ki faɗa," in ji Salima. "Alheri na yi nufi."

Inuwa ta faɗo a kansu. Hajiya Samira ce, igiya da hatimi a hannu ɗaya, littafin a ɗayan, a buɗe.

"Nusaiba, na yi magana da ofis. Sun ce ba za su ƙara kwana ba sai na tura musu hoton shafin nan yanzu, da shaidar mai awo cewa abin da ke ciki gaskiya ne, ba hannun kowa. In babu, mota ta ƙaraso."

Gwaggo Halima ta matso tana goge baƙin hannunta a zane, tana washe baki.

"Sa masu, ɗiyata. Nuna masu mu ba mu daidaitawa."

Salima ta sunkuyar da kai. Bayansu zufa na gangarowa a gilashi, ɗigo-ɗigo.

Hajiya Samira ta cire murfin biro ta miƙa mata.

"Nan ƙasa. Sunanki cikakke."